Amanar Mai Ɗaukar Labari

Sa'ad da yaƙin duniya na biyu ya gabato, wata ji-ta-ji-ta ta game ƙasar Hausa, wai Turawan Ingila za su miƙa Nijeriya ga Hitila na Jamus. Magana ta bi bakin mutane daga zango zuwa zango, ba wanda ya san mafarinta. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin watan Janairu 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta. A wancan lokaci kwabo guda ake sayenta, sunanta kuwa alkawari ne ga mai saye.

Malamai ba baƙi ba ne ga wannan alkawari. Masu ilmin hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, sun san wane ne adali, wane ne mai mantuwa. Aya ta 6 cikin Suratul Hujurati ta yi umurni da a binciki labari kafin a yi aiki da shi. To, ɗan jarida ma mai ruwaya ne, sai dai shi majalisinsa ƙasa ce baki ɗaya.

A zamanin da Dutse take cikin Lardin Kano, takarda takan yi kwanaki kafin ta iso Garu. Tun 1991 ta zama babban birnin Jihar Jigawa, yanzu kuma labari ta rediyo da waya yake shigowa kasuwar Shuwarin kafin a sauke buhuna. In aka buga cewa riɗi ya faɗi, ko an rufe iyaka a Maigatari, alhali ba haka ba ne, manomi ya sayar da guminsa da araha, dillali ya kwashe riba, shi kuwa marubucin yana can birni ko asarar anini bai yi ba.

Mafi muni shi ne wanda ake miƙa wa ambulan bayan taro, a ce kuɗin mota ne. Ko da wane suna aka kira shi, toshiyar baki ce. Attajirai da ke bayarwa su ma su sani, alƙalamin da ya yabe su bana don kuɗi, baɗi abokin hamayyarsu na iya sayensa. Wanda kuma ya buga kuskure a shafin farko, to, wajibi ne gyaran ya fito a shafin farko, don kada ya ɓuya can ƙarshe ƙarƙashin tallan sabulu.