Hoto a allo, hoto a takarda: ina launi yake ɓacewa?

Duk wanda ya taɓa kai hoton biki ko na suna wanki a Tasawa ko Mayahi ya san wannan gardama. A allon kwamfuta amarya ta fito fes, atamfarta ja wur. Da takarda ta fito daga inji, sai ga fuska ta dushe, jan ya koma kamar jar ƙasa. Mai hoto ya ɗora wa tawada laifi, uban biki ya ce an cuce shi, a sake wanki, takarda da tawada su tafi a banza. Alhali sau da yawa injin lafiyarsa lau, allon ne bai faɗi gaskiya ba.

Dalili kuwa shi ne, allo da haske yake yin launi: ja, kore da shuɗi yake gaurayawa. Ita takarda ba ta da hasken kanta, na ɗaki take ara. Kamfanoni kuma sukan fito da allo da haske fiye da kima, farinsa da ɗan shuɗi-shuɗi, don ya ɗauki ido a kanti. Mai gyaran hoto ya duba, ya ga kamar haske ya yi yawa, ya rage. Shi ke nan, hoto ya fito da duhu.

Ƴan kasuwa sun fi kowa gane matsalar, domin ba a cinikin hatsi sai an yarda da tiya ɗaya. Tiyar launi ita ce sRGB, wadda kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996, ta zama ƙa'idar duniya a 1999. Ta tsayar da farin allo a kan 6500 na ma'aunin Kelvin, wato kusan hasken rana da tsaka, ta kuma tsayar da hawan haske daga baƙi zuwa fari, abin da ake kira gama, a wajen 2,2. Ƙarfin haske kuwa, masu wankin hoto sukan ajiye shi tsakanin kandela 80 da 120 a murabba'in mita.

Hanya mafi inganci ita ce wata ƴar na'urar awon launi, irin Spyder ko Calibrite, da ake ratayawa a fuskar allo. Kwamfuta ta dinga nuna mata launuka ɗaya bayan ɗaya, ita tana aunawa, a ƙarshe a rubuta gyaran a ajiye. Tana da tsada, amma ba kullum ake bukatarta ba, sau ɗaya a wata ya isa. Me zai hana masu hoto na gari guda su haɗa kuɗi su sayi ɗaya, ta riƙa zagayawa? Wanda bai samu ba, tun daga Windows 7 ta 2009 akwai abin daidaitawa da ido: a rubuta dccw a wurin nema, a bi umarni. Kafin nan a bar allo kunne minti 30, a kashe abin nan da ke sa shi ja-ja da dare, a share ƙurar hunturu da tsumma mai laushi, kada kuma a ajiye shi yana fuskantar ƙofa ko taga.

A nan ƙasar batun ya fi nauyi saboda fatarmu. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka ya riƙa raba wa masu wanki katin gwaji da ake kira Shirley, mai hoton Baturiya, a kansa ake daidaita inji. Sai a shekarun 1990 aka sa baƙar mace a katin. Baƙar fuska a cikin inuwar hoto take zaune, kuma nan ne allon da ba a daidaita ba ya fi yin ƙarya: ko ya haɗiye kamannin mutum, ko mai gyara ya yi ta ƙara haske har ɗan Mayahi ya koma kamar mai shafa man bilicin. Ma'aikacin da aka taɓa mayar wa hoton katin shaida ya san zafin abin. Haka ma ma'aikatan kiwo: jar akuyar Maradi, wadda ƙasar Tasawa ta shahara da ita, da launin gashinta ake fara gane ta, in rahoto ya nuna ta baƙi-baƙi ya ɓata shaida.

Sai dai gyaran allo yana da iyaka. Ɗan kasuwar da ke karɓar hoton shadda daga Kantin Kwari ta WhatsApp ba shi da iko da salular wanda ya ɗauka, kamar yadda ba shi da iko da ta hajiyar da zai tura wa. Abin da zai iya shi ne ya nemi a ɗauki yadin a inuwa da rana, ba ƙarƙashin ƙwan lantarki ba, a kuma ajiye farar takarda kusa da shi. In takardar ta fito rawaya-rawaya ko shuɗi-shuɗi a hoton, to launin shaddar ma haka ya karkata, sai ya nemi a sake ɗauka kafin ya aika kuɗi.