Littafin Wata Ba'indiya A Kan Aure Da Rashi

Littafin da muke so mu ba masu karatu labarinsa yau sunansa Interpreter of Maladies, watau Tafintan Cututtuka. Mawallafiyarsa, Jhumpa Lahiri, an haife ta a London cikin 1967. Iyayenta mutanen Bengal ne na ƙasar Indiya, amma a Amurka ta girma. An buga littafin cikin 1999, shekara na zagayowa aka ba ta kyautar Pulitzer saboda shi. Gajerun labaru tara ne a ciki, galibinsu kuwa a kan zaman miji da mata ne.

Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne na farko. Shukumar da matarsa Shoba suna zaune a Boston. Ta haihu ɗan bai zo da rai ba, a sa'ad da mijin ke wajen taron malamai a Baltimore. Tun daga nan zama ya yi tsami, ba faɗa ba zagi, sai dai kowa na kauce wa ɗan'uwansa cikin gida ɗaya. Ana nan sai aka aiko musu da takarda cewa za a riƙa ɗauke wutar lantarki sa'a guda kowane dare har kwana biyar (can har sanarwa ake yi tukuna). Cikin duhun nan suka shiga gaya wa juna abubuwan da kowa ya ɓoye. Mai karatu sai ya saki jiki, ya ce ai shiri ya zo. Ashe ita sharar hanya take yi, don ta shaida masa ta kama hayar wani wuri za ta tashi. Shi kuma ya rama da abin da ba ta so ta sani: ya ce jaririn namiji ne, har ya riƙe shi a hannu a asibiti. Haƙiƙa ba mu taɓa ganin an nuna yadda rashi ke raba ma'aurata, maimakon ya haɗa su, da taƙaitattun kalmomi haka ba.

Ba duka labarun ne suka kai wannan ba. Wanda littafin ya ci sunansa, na Malam Kapasi tafinta da matar da ta tona masa asirinta, a ganinmu ya ɗan yi ja.

Na ƙarshe kuwa auren haɗi ne. Wani mutumin Kalkata ya isa Amurka cikin 1969, ya kama ɗaki a gidan wata tsohuwa mai shekara 103, kana amaryarsa Mala ta iso, ba su san juna ba. Ran da ya kai ta gaida tsohuwar, ta dube ta sama da ƙasa ta yaba, su biyu suka yi murmushi, daga nan sabo ya soma. Ba a daɗe ba ya ga sanarwar rasuwar tsohuwar a jarida, ita ce mutum ta farko da ya yi juyayin rashinta a ƙasar.