*BISKIT ƊIN DABINO DA GYAƊA: BA GASHI, BA SUKARI, BA ƘWAI*



Yau maganarmu a kan abin da yara ke tafiya da shi makaranta ne. Galibin biskit ɗin kanti fulawa ce da sukari da mai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2015 cewa sukarin da ake zubawa a abinci da abin sha kar ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana, wato kamar ƙaramin cokali 12 ga babba. Yaro kuwa nasa bai kai haka ba. To biskit da safe, lemon kwalba da rana, alewa da yamma, ina lissafin ya tsaya?

Turawa suna da wani biskit da ba a gasawa, ba madara, ba ƙwai, ba bota. Mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ɗan uwan dakuwa ne. Bambancin kawai, a nan dabino ne ke riƙe shi kuma shi ne zaƙinsa. Dabino kuwa kun san matsayinsa: ya tabbata Manzon Allah (SAW) yana buɗa baki da shi.

*KAYAN HAƊI*
• Dabino kofi 1, a cire ƙwallon
• Soyayyar gyaɗa kofi 1, a murje bawon
• Garin Quaker Oats ko garin aya kofi 1
• Riɗi babban cokali 3
• Garin kirfa ko citta kaɗan
• Gishiri ɗan mitsitsi

*YADDA AKE YI*
A tsaga dabinon a duba cikinsa saboda tsutsa, a wanke, a jiƙa a ruwan ɗumi minti 15, sannan a tsane shi sosai. A daka gyaɗar a turmi har ta fara fitar da mai, a zuba dabinon a ci gaba da kirɓawa har su kama juna. Sai a zuba garin da kirfa da gishiri. In ya yi tauri, a yayyafa ruwan jiƙon dabinon cokali ɗaya. In ya yi ruwa, a ƙara gari. A mulmula ƙanana, a danna da tafin hannu, a birkiɗa a cikin riɗin da aka ɗan soya a busasshen kasko. Minti 30 a firij ya isa. Inda ba wuta, a shanya a tire a rufe da rariya ya sha iska, a cinye cikin kwana 2. A firij yana kai mako ɗaya.

*A KULA DA WAƊANNAN*
1. Gyaɗa mai fumfuna, ko wadda ta yanƙwane ko take ɗaci, a tsince a zubar. Tana iya ɗauke da gubar afalatoksin mai illa ga hanta, kuma suya ba ta kawar da ita.
2. Mai ciwon suga kar ya ce ai dabino ne. Fiye da rabin nauyin busasshen dabino sukari ne. Ya tuntuɓi likitansa kafin ya ci, kuma kar ya bar maganinsa.
3. Wanda gyaɗa ko riɗi ke sa wa ƙaiƙayi, kumburi ko sarƙewar numfashi, ya nisance shi gaba ɗaya.
4. Ƙananan yara a daka musu ya yi laushi sosai saboda shaƙewa. Masu ƙara zuma kuma, ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba.

Guda biyu sun ishi yaro a rana, kuma a sa shi ya goge baki, don dabino yana manne wa haƙori. Wannan abin taɓawa ne, ba magani ba.

Uwargida a gwada a ƙarshen mako, maigida kuma a kawo dabino da gyaɗa mai kyau. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya raya mana zuri'a. A tura wa 'yan uwa.