"Ina Zuwa": Yaron da Ke Jin Magana Yadda Aka Faɗe Ta



Mu ƙaddara muna wani gida a Kubwa. Uwa ta yafa mayafi za ta Kasuwar Wuse, ta ce wa ɗanta mai shekara bakwai, "Ina zuwa." Yaro ya tsaya bakin ƙofa yana kuka, don kunnensa zuwa ya ji, idonsa kuma tafiya ya gani. Da yamma kawunsa ya shigo: "Yaya gajiyar makaranta?" Ya ce, "Akwai gajiya, Kawu." Sai aka yi masa ca, wai ba shi da tarbiyya.

Yaron nan yana da galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Da yawa daga masu ita suna ɗaukar kalma ne yadda ta fito. Ku duba Hausarmu kuwa: mukan sha iska, mu ci jarrabawa, mu kashe fitila. Ka taya kaya a Wuse, mai kaya ya ce "albarka", alhali cewa yake bai sayar ba. Ga kunya da kara, da suka sa rabin zancenmu hannunka-mai-sanda ne. Abin da ke damuna shi ne, yaron da bai gane wannan ba, wasu kan ce taurin kai ne, wasu su ce iskokai.

A 2012 wani masani ɗan Ingila, Damian Milton, wanda shi ma yake da lalurar, ya nuna cewa rashin fahimtar daga ɓangarori biyu take: yadda yaron ke kasa karanta mu, haka mu ma muke kasa karanta shi. A 2020 binciken Jami'ar Edinbara ya gano cewa saƙo na tafiya daidai tsakanin masu lalurar su ya su, sai an haɗa su da sauran mutane yake zubewa a hanya.

Tun 2019 Najeriya ke da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, hukumarsu kuma a Abuja take. Amma doka ba ta shiga tsakar gida.

A tsakar gida uwar ce za ta sauya lafazi: "Kasuwa zan je, zan dawo bayan La'asar." Yaron ya gyaɗa kai, ya koma wasansa, yana sauraron kiran salla.