Ko Kun Sani? Wa Ke Amincewa da Kasafin Makarantar Firamare?

A jihar New York ta Amurka, ranar Talata ta uku a watan Mayu, mazauna yawancin gundumomin makarantu kan fita su kaɗa ƙuri'a a kan kasafin kuɗin makarantunsu na shekara. In suka ƙi shi sau biyu, dole hukumar makaranta ta tsuke bakin aljihu.

Manomin auduga a Funtuwa ko mai noman masara a Malumfashi ba shi da irin wannan ƙuri'a. Kasafin ilimi yana wucewa ne ta Majalisar Dokokin Jihar Katsina, albashin malaman firamare kuma daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗaɗen shigar gwamnatin tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, amma sai jiha ta ajiye nata rabin kafin a sakar mata kuɗin ayyuka.

Ƙofar da ke buɗe ga iyaye ita ce kwamitin kula da makaranta, SBMC, inda mai unguwa, hedimasta, iyaye mata da malaman addini ke zama su tsara buƙatun makarantarsu, daga rufin ajin da iska ta yaye har zuwa rijiyar yara. Abin takaici, iyaye da dama ba su san suna da kujera a wannan zaman ba.