Yadda Malaman Yahudawa Suka Ɗauki Aure Makarantar Gyaran Hali

A wurin Yahudawa masu riƙo da addini, ba a kammala ɗaurin aure sai an rubuta wata takarda da ake kira ketuba, wadda shaidu biyu ke sa wa hannu, a karanta ta a bainar jama'a, sannan a damƙa wa amarya ta adana. Sunan ya fito ne daga tushen kalmar rubutu a Ibrananci, tushen da yake ɗaya da na kitab a Larabci, inda Hausa ta samo kalmar littafi. Masu bin tsohuwar hanya har yau da harshen Aramiya suke rubuta ta, kuma wanda ya duba ta yana neman kalaman bege ko yabon kyau ba zai samu ba, domin abin da ta ƙunsa shi ne haƙƙoƙin da miji ya ɗauka a wuyansa, wato ci da sha, sutura da haƙƙin shimfiɗa, tare da wani adadi na kuɗi da zai biya matar idan ya sake ta, ko a fitar mata daga dukiyar da ya bari idan ya riga ta rasuwa. Malaman farko sun ƙayyade zuz 200 ga budurwa da zuz 100 ga bazawara, zuz ɗin kuwa tsabar azurfa ce ta wancan zamani, kuma sun bayyana dalilinsu ƙarara, shi ne kada saki ya zama abu mai sauƙi a idon miji.

Wannan takarda ta nuna inda koyarwar ta dosa gaba ɗaya. Malaman Yahudawa, waɗanda ake yi wa laƙabi da rabai, ba su raina shauƙin da ke fizgar saurayi zuwa ga budurwa ba, amma sun ƙi dogara da shi a matsayin harsashin gida, sun ɗauki soyayya abin da ake ginawa da ayyuka na yau da kullum, sun kuma ɗauki zaman aure wurin da ake gwada halin mutum a gyara shi. Tushen maganganunsu shi ne Attaura, sai kuma Talmud, wato tarin muhawarorin malamai kan shari'a da tarbiyya, wanda aka kammala mafi shaharar nau'insa a Babila, ƙasar Iraƙi ta yau, wajajen ƙarni na 6 miladiyya.

Matakin farko na auren ana kiran sa kiddushin, ma'ana tsarkakewa ko keɓewa, kalmar da ke da dangantaka da sunan birnin Ƙudus a Larabci, kuma a nan ne ango ke ba amarya zobe a gaban shaidu. Bikin ana yin sa ne a ƙarƙashin huppa, wata rumfa mai sanduna huɗu da aka bar ɓangarorinta a buɗe, wadda masu sharhi ke kwatanta ta da tantin Annabi Ibrahim da ba a rufe wa baƙo ƙofarsa. Bayan an karanta addu'o'in albarka bakwai, ango kan taka kofin gilashi ya fasa shi, don tunawa da rushe Haikalin Ƙudus da Romawa suka yi a shekarar 70 miladiyya, don kada murnar mutum biyu ta mantar da su baƙin cikin al'ummarsu.

Daga cikin bayanan da suka fi yawo a bakin masu wa'azin aure akwai na Rabai Akiba, wanda Romawa suka kashe wajajen shekarar 135. A Ibrananci namiji shi ne ish, mace kuma isha, kuma kalmomin biyu sun yi tarayya a haruffa biyu, sai dai na namiji yana da ƙarin harafin yod, na mace kuma yana da ƙarin harafin he, waɗanda idan aka haɗa su suke ba da ɗaya daga cikin sunayen Allah. Idan aka cire waɗannan haruffa biyu, abin da ya rage a kowace kalma shi ne esh, wato wuta. Abin da aka fahimta daga nan shi ne ma'auratan da suka kyautata zamansu Allah yana tare da su, waɗanda suka ɓata kuwa wutar da ke cikin kowannensu, ta sha'awa ko ta fushi, ita ce za ta cinye su. Haka nan malamai sun tsaya a kan yadda Attaura ta siffanta Hawwa'u da kalmomi biyu masu kama da kishiyar juna, ezer kenegdo, wato mataimakiya da ke tsaye daura da shi, ko ma a gabansa tana fuskantar sa. Wasu masu sharhi na baya sun karanta wannan da cewa saɓanin da mace ke yi wa mijinta, idan ta ga ya kauce, shi kansa taimako ne. Bahaushe ya san zo mu zauna zo mu saɓa, amma wannan fassara ta ƙara gaba, domin ta sa saɓanin cikin amfanin auren.

Nauyin da aka ɗora wa miji a wannan fanni yana da yawa. Talmud ya umarce shi ya so matarsa kamar kansa, ya kuma girmama ta fiye da kansa, ya gargaɗe shi kan baƙanta mata rai da magana saboda hawayenta a kusa suke kuma Allah yana saurin amsa kukan wanda aka zalunta, har ya kawo karin maganar mutanen lokacin mai nuna cewa wanda matarsa gajeriya ce ya sunkuya ya saurari shawararta. Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba ta Andalus, ya yi aikin likita a Masar, ya kuma rasu a can a 1204, ya mayar da waɗannan nasihohi hukunci a babban littafinsa na shari'a, inda ya hana miji jefa tsoro a gidansa, ya buƙace shi da magana mai taushi, ya kuma ɗora wa matar nata girmamawar gare shi. Duk wannan ana tattara shi a ƙarƙashin shalom bayit, wato zaman lafiyar gida, wanda aka ba shi daraja har malamai suka halatta sassauta magana don kare shi.

Kan asalin soyayyar kanta, wani tsohon littafin hikima da ake kira Pirke Abot ya bambanta wadda ta rataya a kan wani dalili, wadda ke gushewa da zarar dalilin ya gushe, da wadda ba ta rataya a kan komai ba, ya kuma ba da abotar Dawuda da Yonatan misalin ta biyu. A ƙarni na 20 Rabai Eliyahu Desla, wanda ya koyar a Ingila kafin ya koma garin Bene Barak inda ya rasu a 1953, ya faɗaɗa wannan da cewa akwai ƙarfi biyu a zuciyar ɗan Adam, na bayarwa da na karɓa. Mutane suna zaton suna ba wanda suke so ne, shi kuwa ya ce gaskiyar ta fi ƙarfi ta ɗaya fuskar, wato mutum yana son wanda ya ba, domin ya zuba wani yanki na kansa a cikinsa, kamar yadda uwa ke ƙara son ɗan da ta yi wa wahala, manomi kuma ke son itacen da ya dasa ya yi ta ba shi ruwa. Shawararsa ga sababbin ma'aurata ita ce kowannensu ya sa ido kan abin da zai bayar, domin daga ranar da suka fara lissafin abin da ake bin juna, farin cikinsu ya kama hanyar fita. Wannan ra'ayi yana da ƙarfi matuƙa idan mutum biyun duk sun riƙe shi, kuma yana iya zama makamin cuta idan aka karanta wa ɗaya kaɗai, abin da ya sa bai kamata a raba shi da haƙƙoƙin da ketuba ta rubuta ba.

A nan ne maganar aure ta haɗu da maganar gyaran hali. Hausawa na cewa hali zanen dutse, kuma malaman Yahudawa ba su musa taurinsa ba, sai dai ruwayarsu game da Akiba ta ba da amsa da dutsen kansa. An ce makiyayi ne da bai iya karatu ba har ya kai shekara 40, sai ya ga yadda ɗigon ruwa ya huda dutse a bakin wata rijiya, ya gane cewa ilimi ma zai iya shiga zuciyarsa da kaɗan-kaɗan. Matarsa Rahila, 'yar wani attajiri da ya yanke ta daga dukiyarsa saboda wannan aure, ita ce ta tura shi karatu ta zauna cikin talauci shekara 24, kuma da ya dawo da dubban almajirai ya shaida musu cewa iliminsa da nasu duk ladanta ne.

Tunanin cewa hali yana gyaruwa da maimaita aiki ya zama fanni mai zaman kansa da ake kira musar, wato tarbiyya. Tun a ƙarni na 11 Bahya bin Faƙuda na Andalus ya rubuta littafi da Larabci kan farillan zukata, wanda tasirin sufayen Musulmi ya bayyana a cikinsa, musamman a babin yi wa kai hisabi. Musa bin Maimun ya koyar da cewa wanda ya raba kuɗi dubu ga mabuƙata sau dubu ya fi samun halin kyauta a kan wanda ya ba da su lokaci guda, domin yawan maimaitawa ne ke sassaƙa hali. A ƙarni na 19 Rabai Isra'ila Salanta, wanda ya rasu a 1883, ya kafa harkar musar a Lituwaniya, inda almajirai kan ɗauki hali guda, kamar haƙuri ko gaskiya ko kame baki, su yi mako suna lura da shi suna rubuta inda suka faɗi. Ana danganta masa cewa canza hali ɗaya ya fi karance Talmud duka wuya. Masu bin wannan hanya sun nace cewa gida ne ma'aunin gaskiya, domin mutum na iya ɓoye fushinsa da rowarsa a kasuwa da wurin ibada, amma ba ya iya ɓoye su ga wadda take kwana take tashi da shi.

Ko dokar nisantar shimfiɗa a lokacin haila da kwana bakwai bayanta, wadda ke ƙarewa da wankan nutsewa a wani tafki na musamman da ake kira mikbe, an ba ta fassara ta wannan fuska, domin Rabai Meyir ya ce hikimarta ita ce kada sabo ya kashe marmari.

Da duk wannan, shari'ar ta halatta saki, ko da yake Talmud ya ce bagaden hadaya kansa yana zubar da hawaye idan mutum ya rabu da matar ƙuruciyarsa. Wajajen shekarar 1000 Rabai Gershom na birnin Mayins a Jamus ya haramta wa Yahudawan yankinsa auren mace fiye da ɗaya, ya kuma hana a saki mace ba da yardarta ba, yayin da wasu al'ummomi, kamar Yahudawan Yaman, suka ci gaba da auren mata fiye da ɗaya har ƙarni na 20. Sai dai akwai giɓin da ya rage, kuma babba ne: takardar saki, wadda ake kira get, dole ta fito daga hannun miji da yardarsa, saboda haka mijin da ya ƙi bayarwa yana iya barin matarsa a rataye shekara da shekaru, ba ta da aure kuma ba ta da ikon yin wani. Irin wannan mace ana kiran ta aguna, wato ɗaurarriya, kuma halin da take ciki ya saɓa wa duk abin da malaman suka koyar game da hawayen mace da girmama ta. Rassan Yahudanci masu sassauci sun sauya dokar ko sun samar mata mafita, masu riƙo da tsohuwar hanya a Amurka kuma sun fito da wata yarjejeniya da ake sa wa hannu kafin aure, wadda ke ɗora wa miji biyan kuɗi kowace rana muddin ya ƙi sakin. A Isra'ila wata doka ta 1995 ta ba kotunan addini ikon hana irin wannan miji fita ƙasar, ƙwace lasisin tuƙinsa ko tsare shi a kurkuku, amma har yau takardar ba ta inganta sai shi ya miƙa ta.