Rigar Mai Wa'azi: Mu Yi Masa Shari'a Ko Mu Yi Shiru?



Tambayar da ke gabanmu yau ta daɗe a bakin masu bi. Ana yin ta a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada, ana yin ta a taron matasa da na zumuntar mata. Mai wa'azi ya tsaya a gaban jama'a da babbar riga ta shadda mai aiki, ko kuwa kwat da agogo da takalmi waɗanda kuɗinsu ya fi abin da ƙaramin manomi ke samu a damina guda. Waɗansu su ce, wannan ɗan kasuwa ne kawai. Waɗansu su ce, a yi shiru, bawan Allah ne. Ba a wurinmu kaɗai ake wannan gardama ba. A Amurka, a shekarar 2019, wani ya riƙa sa hotunan masu wa'azi a Instagram tare da farashin takalman da ke ƙafarsu, waɗansu na dubban daloli, har magana ta cika ƙasar. To, me Maganar Allah ke koya mana?

Da fari, tufa ita kaɗai ba ta isa shaida ba. A cikin Fitowa sura 28, Allah da kansa ya umarta a ɗinka wa Haruna tufafi na zinariya da lallausan lilin, da duwatsu masu daraja goma sha biyu a ƙirjinsa. Yohanna Mai Baftisma kuwa rigar gashin raƙumi ya sa. Dukansu biyu bayin Allah ne. Ubangijinmu bai mallaki gida ba, duk da haka rigarsa ta ciki saƙa ɗaya ce ba ɗinki, har sojoji suka ƙi yaga ta, suka jefa kuri'a a kanta (Yohanna 19). Annabi Samu'ila ma ya kusa zuba wa Eliyab mai domin kyan tsayinsa, sai Allah ya tuna masa cewa shi zuciya yake dubawa.

Mu ma mun san yadda abin yake a wurarenmu. Sau da yawa rigar da ta tsone mana ido kyauta ce: zumuntar mata sun yi karo-karo lokacin Kirsimati, ko ɗan fasto da ke aiki a birni ya aiko wa mahaifinsa. Wani riga ɗaya ce gare shi, da ita yake ɗaurin aure da jana'iza shekara goma. A al'adarmu kuma, fita cikin taro da babbar riga girmama taron ne. Haka nan, mai tsumma yana iya zama mai son kuɗi fiye da mai shadda.

Na biyu, Yesu bai ce mu rufe ido ba. Gaskiya ne, a farkon Matta sura 7 ya hana mu ɗora wa juna laifi alhali namu ya fi girma. Amma a cikin wannan sura ɗin ya gargaɗe mu game da annabawan ƙarya, irin waɗanda Bahaushe ke kira kura da fatar akuya, ya kuma nuna cewa abin da rayuwarsu ke haifarwa shi zai tona su. Ashe akwai aunawa da aka umarce mu mu yi. Sai dai ma'aunin ba farashin yadi ba ne. Ga tambayoyi uku da za su taimake mu.

Ta ɗaya: daga ina kuɗin ya fito? Gehazi, baran Elisha, ya bi Na'aman a guje, ya yi ƙarya da sunan maigidansa, ya karɓi azurfa da riguna biyu, ya ƙare da kuturta (2 Sarakuna 5). Laifin ba na rigunan ba ne. Ya sa wa alherin Allah farashi, abin da Elisha ya ƙi yi. A Markus 12 Yesu ya tsauta wa malaman Attaura masu son yawo da manyan riguna, domin suna cinye kayan gwauraye. Nan da nan kuma ya nuna wa almajiransa gwauruwar da ta zuba 'yan anini biyu, iyakar abin da take da shi. Baikon da muke tarawa ran Lahadi akwai irin waɗannan anini a ciki. Idan su ne suka zama agogo, ikilisiya tana da ikon tambaya.

Ta biyu: me ake koyarwa da rigar? Idan mai wa'azi ya kama hannun rigarsa yana cewa, ku ba ni kuɗi, ku ma Allah zai yi muku irin wannan, to rigar ta zama wa'azi, wa'azin kuma ƙarya ne. Bulus ya gargaɗi Timothawus game da masu mai da ibada hanyar cin riba. Shi kansa, da yake ban kwana da dattawan Afisa, ya tuna musu bai yi ƙyashin kuɗin kowa ko tufarsa ba, da hannunsa ya ci da kansa (Ayyukan Manzanni 20).

Ta uku: me rigar ke yi wa matalaucin da ke zaune a benci na baya? Yaƙub sura 2 ta tsauta wa ikilisiyar da ke ba mai zoben zinariya wuri mai kyau, ta bar mai tsumma a tsaye. Akwai matan da ke fashin sujada domin ba su da zanen fita. Makiyayi mai hankali yakan rage abin da yake halal gare shi domin kada tumaki su ji kunyar matsowa. Yohanna Kirisostom, da ya zama bishop na birnin da yau ake kira Istanbul a shekarar 398, ya rage kashe-kashen gidan bishop, ya mai da kuɗin ga asibitoci da matalauta. Manyan gari ba su ji daɗin wa'azinsa ba, aka kore shi, ya mutu a gudun hijira a 407.

Na uku, mu duba zuciyarmu kafin mu buɗe baki. Wanda ya fara ƙorafi a kan turaren da Maryamu ta zuba wa Yesu, mai kuɗin dinari 300, Yahuda ne. Ya fake da matalauta, alhali shi ne ke yi wa jakar kuɗi ɗauki ɗai-ɗai. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu da muke ƙirga kuɗin rigar mai wa'azin birni, yaushe rabonmu da tambayar ko an biya mai bisharar ƙauyenmu albashinsa? Nassin da ya hana shugaba son kuɗi, shi ne ya ce ma'aikacin bishara ya cancanci ladansa. Ikilisiyar da ta bar makiyayinta da yagaggiyar riga ba ta fi tsarki ba, rowa ce ta yi.

To, idan bayan duk wannan zuciyarka ba ta kwanta ba, ɗan'uwa, akwai hanya. Matta 18 ta nuna a fara zuwa wurin mutumin shi kaɗai, sa'an nan a tafi da wani, daga baya a kai gaban ikilisiya. 1 Timothawus 5 ta hana karɓar ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, amma ta ce a tsauta wa wanda ya nace da zunubi. Ka nemi dattawa da ma'aji su karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a, wannan ba rashin kunya ba ne. In kuwa mai wa'azin rediyo ne ko talabijin da ba ka iya kai wa gare shi, yi kamar mutanen Biriya: ka gwada koyarwarsa da Littafi Mai Tsarki. In ba ta yi daidai ba, riƙe kuɗinka, ka kuma riƙe harshenka daga tsegumi. Hukuncin zuciyarsa na Allah ne, kiyaye baikon gwauruwa kuwa aikinmu ne.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba bayinka masu wa'azi wadar zuci, ka ba mu idon ganewa da bakin da ba ya ɓata suna. Ka tufatar da mu duka da adalcin Ɗanka Yesu Kristi. Amin.